Maki, matsayi ko matakin iyawa: wace irin takardar sakamako za mu miƙa wa iyaye a Tahoua?

Ranar raba biltan, wato takardar sakamako, a lakwal, kusan duk mahaifin da ya tako ya zo tambaya guda ce a bakinsa: "Mushe, na nawa yaz zo?" In mace ce, "ta nawa taz zo?" Da la'asar kuma mutumin nan zai ratsa ta makarantar allo ta unguwa, ya durƙusa ya gaida malam, ya yi tambaya a kan yaron nan dai, amma wata iri daban: "Malam, ina ya kai?" Malam ya ce masa ya wuce Sabbi, ya doshi Amma. Uban ya miƙe ya tafi gida da cikakken sanin inda ɗansa yake, da abin da ya rage masa, alhali ba a nuna masa maki ko ɗaya ba.

Na daɗe ina auna waɗannan amsoshi biyu, kuma ina ganin ta malamin allo ta fi tamu amfani. In na ce wa uba ɗansa ya zo na 14 cikin 76 da mwayen, wato matsakaicin maki, 5,80, na ba shi lambobi uku, amma ban gaya masa ko yaron zai iya karanta takardar magani ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata ƙanwata a aiki da aka ba ragamar wata ƙaramar lakwal mai zaman kanta a nan Tahoua. Kafin komawar watan Oktoba ta zo gida ta ce, "Yaya, za mu buga takardun sakamako. Wace iri zan sa a buga?" Ita tana da ƴancin zaɓi. Mu na lakwal ɗin gwamnati, biltan ɗin hukuma yana nan yadda yake, ba mu da ikon sake shi, amma babu wanda ya hana malami ya haɗa da wata ƴar takarda a gefe, ko ya canja yadda yake miƙa shi. Don haka zancen ya shafe mu duka.

Maki da mwayen

Wannan shi muka gada daga Faransa, inda aka tabbatar da maki bisa 20 a makarantun sakandare tun 1890. A wurinmu firamare, daga CI, ajin farko, zuwa CM2, ajin ƙarshe, an saba da maki bisa 10, kwaleji da lise bisa 20, kowane darasi da nauyinsa, wato kwafisiyan, sannan a tara a raba a fid da mwayen.

Kada a raina shi. Da wannan harshe BEPC da BAC, jarrabawar ƙarshen kwaleji da ta ƙarshen lise, suke magana, kuma ɗalibin da bai saba da shi ba zai sha mamaki ranar jarrabawa. Yana tafiya: yaro ya tashi daga Tahoua ya koma Yamai ko Agadez da biltan ɗinsa, daraktan can ya duba sau ɗaya ya san ajin da zai sa shi. Yana da sauri ga malamin da yara suka yi wa yawa. Kuma yana rage gardama, domin in uba ya zo da fushi, akwai takardar kompozisiyon da za a shimfiɗa masa, a nuna masa inda maki ya zube. Ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san cewa goma bisa ashirin ita ce iyaka.

Inda yake cutar da mu shi ne wurin tarawa da rabawa. A ce ga yara biyu a CE2, shekara ta huɗu ta firamare, darussa shida, kowane bisa 10. Yarinya ta samu 2 a karatu, 0 a dikte, 4 a lissafi, 9 a hadda, 10 a waƙa, 9 a zane. Jimla 34, mwayen 5,67, ta wuce. Yaro ya samu 8 a karatu, 3 a dikte, 7 a lissafi, 4 a hadda, 4 a waƙa, 3 a zane. Jimla 29, mwayen 4,83, bai kai ba. Yarinyar da ba ta iya haɗa baƙi ba za ta kai wa uwarta albishir, yaron da ke karatu da lissafi zai kai wa ubansa abin duka. Duk wanda ya taɓa sayen buhun albasa a Galmi ya san dalilin da ya sa ake cewa a zazzage shi a ƙasa: manyan suna baki, ruɓaɓɓun suna gindi, nauyin buhu kuma bai nuna ba. Mwayen nauyin buhu ne.

Sai dikte, inda malam yake karantowa yara suna rubutawa. A yadda da yawanmu muka saba gyara shi, ana cire maki a kan kowane kuskure har a kai sifiri. Yaron da ya yi kuskure 40 a Disamba, ya dage ya rage su zuwa 15 a Maris, sifiri ya samu can, sifiri ya samu nan. Ƙoƙarin wata uku ya ɓace a takarda, uwarsa kuma ta ce ai ba ya gane komai.

Akwai kuma abin da mu malamai ba mu son a taɓo, wato hannun mai gyara. A shekarun 1930 an yi bincike a Faransa a kan takardun BAC, wanda Laugier da Weinberg suka yi lissafinsa. An ba masu gyara daban-daban takardu iri ɗaya, makin ya riƙa bambanta ƙwarai. Suka ƙiyasta cewa kafin a samu makin da za a amince da shi ga takarda guda, sai an tara masu gyara 13 a lissafi, 78 a rubutun Faransanci, 127 a falsafa. Mu kuwa mutum ɗaya ne, da dare, da fitila, bayan ya wuni yana magana. Wanda ke shakka ya gwada a taron CAPED na gaba, wato taron ƙara wa juna sani na malamai: a ɗauki rubutun ɗalibi guda, a yi masa kofi biyar, malamai biyar su gyara ba tare da sun ga na juna ba. Bayan nan zai yi wuya mutum ya rantse cewa 9,75 da 10,25 yara biyu ne masu bambancin ilimi, alhali a kan wannan rabin maki ake yanke wa ɗaya maimaita aji.

Maki yana da ƙarfi inda amsa take guda, kamar lissafi, da inda malamai suka zauna suka yarda da barem, wato tsarin raba maki, tun kafin a fara gyara. Yana da rauni a insha'i da duk abin da ya dogara da ganin mai gyara.

Matsayi

Shi iyaye suka fi so, kuma na fahimci dalili. Ba ya bukatar karatu. "Na uku" kowa ya gane, har kakar da ke ƙauye. Yana zaburar da yara biyar ko shida na sama, waɗanda ke kokawar neman na ɗaya.

Amma matsayi yana auna yaro da maƙwabcinsa na benci ne kawai. A ajin da babu mai karatu, dole wani ya zo na ɗaya. A ajin da kowa ya iya, dole wani ya zo na ƙarshe. Gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar yaran ƙarshen firamare da suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A na 2019 abin ya ɗaga zuwa kimanin uku cikin goma. To a waɗannan shekaru duka, kowane aji a ƙasar nan yana da na ɗaya da na biyu da na uku, an tafa musu, an saya musu kaya. Matsayi bai taɓa gaya wa iyayensu halin da ake ciki ba, kuma ba zai iya ba.

A aji mai yara 80, tsakanin na 12 da na 25 wani lokaci rabin maki ne. Yaro ya kwana da zazzaɓin cizon sauro ranar kompozisiyon guda, ya gangaro gurbi goma sha uku, uban ya ɗauka lalacewa ya yi.

Abin da ya fi damuna shi ne karanta matsayi a fili, a tsakar lakwal, daga na ɗaya har darniye, yara na ihu. Na yi wannan da bakina a farkon aikina, saboda na tarar haka ake yi. Akwai wata yarinya a CE2 da na kira ta ƙarshe sau biyu a jere. Ba ta dawo ba bayan hutu. Da na je gidansu uwarta ta ce mini, "Mushe, baban ta ya ce tunda ba ta da kai, ta zauna ta taya ni talla." Daga baya na gane yarinyar ba ta gani sosai daga bayan aji inda take zaune. Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu, domin kalma ɗaya da na faɗa a gaban jama'a ita ta ba uban hujja.

Wanda ba zai iya barin matsayi gaba ɗaya ba, akwai hanya ta tsakiya. A rubuta mwayen ɗin aji, da mafi girma, da mafi ƙanƙanta, a gefen na yaron. Uba zai ga ko ɗansa yana sama ko ƙasa da tsakiya ba tare da an liƙa masa lamba a goshi ba. In ya matsa sai ya ji na nawa, a gaya masa shi kaɗai.

Haruffan da ake sawa a madadin maki kuwa ba zan daɗe a kansu ba. Masu ƴan'uwa a Sakkwato ko Illela ta Najeriya sun san A1 zuwa F9 na WAEC, inda C6 take iyakar kiredit. Maki ne aka ɗaure dami-dami, kuma amfaninsa shi ne yana kashe rigimar rubu'in maki. Faransa ta gwada haruffa A zuwa E a 1969, ba a jima ba ta koma maki bisa 20 a azuzuwan jarrabawa. A nan Adar iyaye ba su saba da su ba, jarrabawar ƙasa ba ta aiki da su, kuma ba sa faɗin abin da yaro ya iya fiye da yadda maki ke faɗa. Ban ga ribar ɗauko su ba.

Matakin iyawa

Wannan shi ne ɗan'uwan "ina ya kai?" Maimakon a ce yaro ya samu 4 a karatu, sai a faɗi inda ya tsaya a kan tsani. Tsanin da na fi sani shi ne na ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda tun 2005 take gwajin ASER gida-gida. A karatu matakai biyar ne: bai fara ba, yana gane haruffa, yana karanta kalmomi, yana karanta ƴan jimloli, yana karanta labari. A lissafi: yana gane lambobi 1 zuwa 9, yana gane 10 zuwa 99, yana ɗebewa, yana rabawa. Ana zama da yaro shi kaɗai, a miƙa masa takarda, a saurare shi. Babu satar amsa, babu fakewa a bayan muryar aji.

Mutumin Adar ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Ya san babbaƙu, ya san farfaru, ya san yaro ba ya wanke allo sai ya biya karatunsa daidai a gaban malam. In ka ce masa, "Ɗanka ya gama haruffa, yana kan kalmomi, saura jimla da labari," ka yi masa magana da ma'aunin da ya taso da shi. Kuma a zango na gaba zai dawo ya tambaye ka ko an hau mataki. Wannan tambaya tana sa malami aiki fiye da kowace ziyarar sufeto.

Amfaninsa na biyu na malamin ne. In ka gama gwajin ka ga yara 30 suna kan haruffa, 25 kan kalmomi, sauran sun wuce, ka san yadda za ka raba su rukuni-rukuni na awa guda kowace rana. Mwayen ba ya ba ka wannan.

Kuma ba daga nesa kawai abin ya zo mana ba. A jihar Tahoua ne aka fara shirin "Lakwal don kowa" a 2004, da tallafin hukumar JICA ta Japan, wanda ya kafa kwamitocin kula da makarantu da ake zaɓe ta hanyar ƙuri'ar sirri, waɗanda yau muke kira CGDES. Daga baya shirin ya kawo dabarar yi wa yara gwaji mai sauƙi, a kai sakamakon gaban babban taron gari, jama'a su ga inda ƴaƴansu suke, su shirya musu ƙarin darasi bayan an tashi. Abin lura a nan, sakamakon aji ake kai wa taro, a ce kaza cikin kaza ne suka iya ɗebewa. Sunan yaro na iyayensa ne.

Yanzu wahalarsa. Ta farko lokaci. Yara 80, minti biyar kowane, minti 400 ke nan, kusan awa bakwai. Ba ya yiwuwa a rana guda. Yana yiwuwa in an raba shi: yara takwas kowace rana, minti 40, kwana goma na aiki. Amma fa sai an samu abin da sauran za su riƙa yi a lokacin, kuma a ajin rumfar zana, inda hayaniyar maƙwabta ke shigowa ta ko'ina, sauraron yaro guda aiki ne.

Ta biyu, yana da sauƙin lalacewa in aka cika shi. Faransa tun 2016 tana da littafin sakamako na bai ɗaya mai matakai huɗu, daga "bai cimma ba" zuwa "ya zarce". Na ga masu lakwal masu zaman kansu sun kwafo irin wannan da layuka talatin ko arba'in, kowane da sunan wata iyawa cikin Faransanci mai nauyi. Malama ta gaji, ta bi layi tana sa alama a akwatin tsakiya daga sama har ƙasa, uba ya karɓi shafi biyu bai fahimci komai ba. Layi biyar ko shida sun isa: karatu, fahimtar abin da aka karanta, rubutu, lissafi, zuwa lakwal. Kuma kowane mataki ya zama abin da za a iya gwadawa nan take a gaban uban in ya nema.

Fahimta na ware ta da gangan. Muna da yara da yawa da ke rera Faransanci da murya mai daɗi ba su san abin da suka faɗa ba. In yaro ya gama karanta labarin, a yi masa tambaya biyu da Hausa: wa aka ce ya tafi kasuwa, me ya sayo? A nan ake rarrabe mai karatu da mai rerawa.

Ta uku, tsanin gajere ne. Da yaro ya kai labari da rabawa, ya ƙare, ba ya auna tarihi ko kimiyya ko falsafa. Ta huɗu, ba takardar hukuma ba ce, wata lakwal ba dole ta karɓe ta ba. Ta biyar ita ce wadda ƙanwata ta faɗa da kanta: "Yaya, in na rubuta wa mutum cewa ɗansa na CE2 yana kan haruffa, bayan ya biya kuɗin shekara uku, gobe zai cire shi." Gaskiya ta faɗa, wasu za su cire. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yaron zai isa CM2 ko kwaleji, abin zai fito, kuma a ranar uban zai san an yi shekaru ana karɓar kuɗinsa ana ba shi mwayen na waƙa da zane. Gara ya ji yanzu, tare da abin da lakwal za ta yi a kai kafin Maris.

Jawabin malam

Akwatin nan na ƙarshen biltan, inda muke rubuta "Passable", "Peut mieux faire", "Élève faible". Ban san uban da ya taɓa yin wani abu saboda ya karanta ɗayansu ba. Maimaita makin ne da kalmomi.

Amma jawabi in an yi shi da kyau ya fi duk sauran tasiri a kan yaron kansa. A 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta raba yara ƴan aji biyar da shida na firamare gida uku: wasu aka ba su maki kawai, wasu jawabi kawai, wasu duka biyun. Waɗanda suka samu jawabi kawai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa musu biyun kuwa ba su fi masu maki kawai ba. Duk malami ya san dalili: yaro ya buɗe kaye, idonsa ya faɗa kan jan lamba, ya leƙa na maƙwabcinsa, ya rufe. Abin da na koya daga nan shi ne in raba su a lokaci. Dibuwar, wato aikin gwaji na cikin zango, ina mayar da shi da jawabi, makin yana cikin littafina, sai yaron ya yi gyara sannan ya gani.

Jawabin da ke zuwa gida kuma abu uku nake so ya ƙunsa: abin da yaro ya iya yanzu, abin da ke gabansa, da abu guda da gida za su iya yi ko da babu mai karatun boko a cikinsu. Misali: "Tana karanta kalmomi masu gaɓa biyu ba tare da taimako ba. Jimla ce ke ba ta wuya. A bar ta ta karanta wa yayarta shafi ɗaya bayan magariba, kuma a rage mata tallar safe ranar Litinin, don ranar take yawan makara." Uwa za ta iya aiki da wannan.

Abin da ba na yarda a rubuta shi ne hali: malalaci, daƙiƙi, ba ya ji. Takarda tana daɗewa a cikin akwati, kuma irin wannan kalma tana bin yaro har gidan kawunsa. A rubuta abin da aka gani: ya yi fashin kwana tara, bai kawo aikin gida sau huɗu ba.

Tsadarsa ita ma lokaci ce, kusan daidai da ta gwajin mataki, kuma ya dogara ƙwarai da malamin. Wanda bai san yaransa ɗaya-ɗaya ba zai rubuta jimla guda sau tamanin. Shi ya sa nake ganin jawabi ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an yi gwajin mataki tukuna, daga nan kalmomin suke fitowa.

Wa zai karɓa, kuma da wane harshe

Duk wannan aikin banza ne in takardar ta tsaya a jakar yaro. A Adar, daga bayan girbi, gidaje da yawa maza sun tafi ci-rani, Abijan, Libiya, Aljeriya, Najeriya. Mai karɓar biltan uwa ce, ko kaka, ko wani kawu da zai dangwala yatsa ya mayar. Manyan ƙasar nan da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, a mata kuma abin ya fi ƙasa. Wani bincike da Rebecca Dizon-Ross ta yi a Malawi, wanda ya fito a 2019, ya nuna iyaye da yawa, musamman waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, suna da kuskuren fahimtar inda ƴaƴansu suke, kuma da aka zauna aka bayyana musu sakamakon a sauƙaƙe, sai suka canja irin littafin da suke zaɓa wa yaran ya dace da matakinsu. Ke nan ba rashin kula ba ne, bayanin ne ba ya isa gare su.

Miƙa wa yaro ya kai gida shi ne mafi sauƙi kuma mafi rauni. Kiran iyaye su zo su karɓa da hannu ya fi, in an kauce wa ranar kasuwar garin da lokacin daka da girki, kuma in ƙungiyar iyaye mata ta AME ce ta yi gayyar, don su suka san ƙofar kowane gida. Minti uku da uwa, da Hausa, ya fi shafi biyu. Ga uban da ke waje, saƙon murya na minti ɗaya ta WhatsApp yana isa har inda yake, amma a aika masa shi kaɗai, kada a zuba sakamakon yara a zauren iyaye inda kowa ke ji.

Ƴar takardar mataki kuma a rubuta ta da Hausa. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, babu abin jin nauyi a ciki. Inda iyaye suka fi sanin ajami, a sa sunayen matakan da ajami a gefe, layi biyar ne kawai. A wajen Abalak da Cintabaraden a nemi wanda zai faɗa da Tamajak ko Fulatanci. A zana tsanin ma, a yi da'ira a inda yaron yake, wanda ba ya karatu zai gani da ido.

Abin da na ce mata ta buga

Daga CI zuwa CE1, shekaru uku na farko, mataki da jawabin baki, babu matsayi ko kaɗan. In doka ta ce sai an rubuta maki, a rubuta, amma takardar mataki ce za a ɗora a sama. A wannan shekarun tambaya ɗaya ce mai nauyi, ko yaro ya kama karatu da ƙidaya.

Daga CE2 zuwa CM2, maki ya shigo sosai don yara su saba, amma karatu da rubutu da lissafi su zauna a saman shafi da nasu mwayen daban, hadda da waƙa da zane a ƙasa da nasu. Da wannan kaɗai yarinyar nan mai 5,67 ba za ta ɓuya ba, yaron mai 4,83 kuma ba za a zalunce shi ba. Duk wanda bai kai matakin labari ba a ci gaba da gwada shi, ko da yana CM2.

A kwaleji da lise maki bisa 20 ne, babu makawa, tare da mwayen ɗin aji a gefe da jimla guda ta gaske daga malaman manyan darussa. A ajin BEPC da na BAC a yi gyara da tsanani irin na jarrabawar ƙasa, domin tausayin da aka yi wa ɗalibi a Fabrairu shi zai kā da shi a ƙarshen shekara. Ƴan aji shida kuwa, sababbin shiga kwaleji, ina ba da shawara a yi musu gwajin karatun nan a makon farko, don da yawa suna isowa ba su kai labari ba, kuma babu wanda ke tambaya.

Malamin gwamnati da ke shi kaɗai da yara tamanin ko fiye, ba na ce ya ɗauki duka ba. Ya ɗauki karatu kawai, sau biyu a shekara, Nuwamba da Afrilu, ya rubuta matakin da biro a gefen biltan ɗin hukuma, ya daina karanta matsayi a fili. Wannan ba ya cin ko dala.

Na kuma gargaɗe ta kada ta canja komai kafin ta tara iyaye ta nuna musu takardar, ta kira yaro guda da iyayensa suka yarda, a gwada shi a gabansu su ga yadda ake yi. In ba haka ba, ranar rabo za su juya takardar gaba da baya suna neman na nawa, su ce lakwal ta ɓoye musu wani abu.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To yaya, wanda aka gwada sau biyu bai motsa daga matakinsa ba fa, me zan rubuta masa?" Na ce kada ta jira ranar biltan. Ta aika a kira uwarsa a makon nan, ta dubi littafin kiran suna ta ga kwana nawa ya yi fashi, ta matso da shi benci na gaba ta ga ko allon yake kasa gani, ta yi masa magana daga bayansa a hankali ta ga ko yana ji, ta tambaya ko yana karyawa kafin ya fito. Abin da ta samu a nan shi za ta rubuta, tare da ranar da za a sake gwada shi.